Takardar izinin karatu ko ta aiki ta Kanada ta ɓace maka a Legas? Ga yadda za ka koma

Ɗan yayata yana karatu a Kanada, ya zo hutun ƙarshen shekara domin bikin ƙanwarsa a nan Agege. Saura kwana tara ya koma, sai ya ɗauki takardar izinin karatunsa, wadda su ɗalibai suke kira famit, ya sa a ƙaramar jaka wai zai yi mata fotokwafi a hanya. Ya hau danfo daga Oshodi, ya sauka a Pen Cinema, ya laluba ya ji jaka a yanke. Babu famit, babu waya, babu katin banki. Da ya shigo gida ko sallamar kirki bai yi ba, ya zube a tabarma ya ce, "Kawu, shi ke nan, karatuna ya tashi." Na ce masa, "Ina fasfonka?" Ya ce yana cikin akwati a ɗakin uwarsa. Na ce to tashi ka yi alwala, abin da zai mayar da kai bai ɓata ba.

Wannan tambaya ita ce farkon komai. Duk wanda irin wannan ta same shi, ya fara amsa ta kafin ya kira kowa.

Fara da tantance abin da ya ɓace

Takardu uku ne mutane suke cakuɗawa. Akwai fasfo, wanda Najeriya ta ba ka. Akwai biza, wadda Kanada ta liƙa a cikin fasfon. Sannan akwai famit, falle ɗaya da jami'in kan iyaka ya buga maka ranar da ka fara sauka a can. Aikin kowace daban. Biza ita ke ba ka damar hawa jirgi ka isa bakin ƙofar ƙasar. Famit kuwa aikinta a cikin ƙasar yake: ita ke faɗin me aka yarje maka ka yi, karatu ko aiki, da sharuɗɗan da aka gindaya, da ranar da wa'adin zai cika. A jikin famit ɗin ma an rubuta cewa ba ta ba mutum izinin sake shiga ƙasar. Ko tana hannunka, in bizarka ta ƙare ba za ka tashi daga filin jirgin Murtala Muhammed ba.

Izinin da aka ba ka kuma yana cikin kwamfutar hukumar shige da ficen Kanada, wato IRCC. Ɓarawon danfo takarda ya ɗauka, bai taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba.

Saboda haka hanya biyu ce. Idan famit kaɗai ta ɓace, fasfo yana nan, bizar ciki kuma da sauran wa'adi, tikitinka bai tashi ba, za ka iya tafiya ranar da ka tsara. Idan fasfon ya tafi da bizar a ciki, to tafiyar nan ta ɗage, gara ka kira kamfanin jirgi tun yau ka canza rana kafin kuɗin tikitin ya bi ruwa.

Abu ɗaya kuma da zai hutar da ƙafarka: ba a buga sabuwar famit a Najeriya. Kanada tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Victoria Island, babban yana Abuja, akwai kuma cibiyar karɓar takardun biza da kamfanin VFS Global ke gudanarwa, amma babu wanda zai ba ka famit a cikinsu. A cikin Kanada ake bayar da ita. Kada ka ɓata yini cikin gosulon gadar Third Mainland don ka je ka tsaya a bakin get.

Ranar farko: toshe ƙofofi, tattaro shaida

Kafin maganar takarda, a rufe katin banki, na nan da na can, a kuma je a dawo da layin waya. Dalilin da ya sa na sa wannan a gaba shi ne, duk shaidar da za ka nema tana cikin imel ɗinka da asusunka na IRCC, su kuma yawanci lambar sirri suke turowa ta waya kafin su buɗe. Yaron nan ya sha wahala a nan fiye da ko'ina. Layin Kanada ne a wayar da aka sace, kuma da shi ya ɗaure imel ɗinsa. Allah ya taimaka kwamfutarsa tana gida, imel ɗin a buɗe yake a kanta.

Da ka samu shiga, nemo waɗannan. Hoton famit ɗin, in ka taɓa ɗauka. Kada ka yi saurin cewa ba ka da shi: wanda ya taɓa yin rajistar makaranta, ko buɗe asusun banki, ko neman aiki a Kanada, da wuya bai tura wa wani hotonta ba. Duba saƙonnin da ka aika, duba WhatsApp na iyayenka, domin yawancin yaranmu hoton farko da suke turowa gida daga filin jirgi shi ne na wannan takarda. A wayar uwarsa muka samu nasa. Sai wasiƙar amincewa da IRCC ta aiko maka tun kafin tafiyarka ta farko, wadda ka nuna a kan iyaka aka buga maka famit. Tana cikin asusunka.

Daga cikin waɗannan ka kwafe lambobi biyu a takarda da biro. Ta farko lambar UCI, wadda IRCC ta san ka da ita, mai alƙaluma 8 ko 10, tana kan duk wasiƙar da suka taɓa rubuto maka. Ta biyu lambar famit ɗin kanta, a sama ta hannun dama: ta karatu tana farawa da harafin F, ta aiki da U.

'Yan sanda da kotu

Je ofishin 'yan sandan da ke kula da yankin da abin ya faru, ba wanda ya fi kusa da gidanka ba, don kada a yi ta turaka daga wannan kanta zuwa waccan. Ka ba da rahoto a shigar da shi littafi. Daga nan ka je kotu ka yi takardar rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa. Wanda ke Agege ko Mile 12, babbar kotun jiha da ke Ikeja ta fi masa sauƙi. Na Obalende kuma babbar kotun tarayya a Ikoyi tana kusa da shi. Da takardar rantsuwar za ka koma a ba ka abin da ake kira ekstirak, wato kwafin rahoton da aka ciro daga littafin 'yan sanda, da hatimi da sa hannu.

A nan nake so a tsaya a natsu, don nan ake yin ɓarnar da take bin mutum har Ottawa, babban birnin Kanada. Masu buga takarda a bakin kotu suna da tsohon rubutu a kwamfutarsu, suna canza suna kawai su buga. Kada ka yarda a rubuta maka "takarduna sun ɓace" a dunƙule. A lissafa kowace da sunanta da lambarta, a sa rana, a sa wuri. A kuma rubuta sunanka harafi da harafi yadda yake a fasfo. Mu Hausawa muna da wannan matsala tun fil azal: mutum ɗaya Muhammad ne a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, Muhammadu a bakin mai buga takarda. Ka karanta da idonka kafin ka sa hannu, ka kuma faɗi gaskiyar yadda abin ya faru. In faɗuwa ta yi ka ce faɗuwa, kada ka ƙirƙiro 'yan fashi don labarin ya yi nauyi. Fom ɗin Kanada zai tambaye ka yadda takardar ta ɓace, kuma dole bakinka ya zo ɗaya da abin da ke cikin rahoton.

Ka yi kwafi uku na kowace, ka ɗauki hotonsu ka tura wa kanka ta imel.

Sanar da makaranta ko wurin aiki

Ɗalibi ya rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa. Sun saba ganin irin wannan, kuma shawararsu kyauta ce. Abin da kake buƙata daga gare su wasiƙa ce ta kwanan nan mai nuna har yanzu kai ɗalibinsu ne, da rajistar zangon da ke tafe, da sakamakon zangunan baya, da rasit ɗin kuɗin makaranta. Makarantu da yawa ana sauke irin wannan wasiƙa kai tsaye daga shafin ɗalibi, wanda ya fi sauƙi idan abin ya faɗo tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da ofisoshinsu suke rufe. In waya za ka buga, ka tuna a lokacin sanyi Legas tana gaban Toronto da awa 6, ƙarfe 9 na safensu ƙarfe 3 na yammarmu ne.

Ma'aikaci kuma ya nemi wasiƙa daga wanda yake yi wa aiki, mai nuna yana hutu ne kuma ana jiran dawowarsa rana kaza, ya haɗa da takardun albashi na watannin baya da kwantiragin aikin.

Ita IRCC, tana da fom na tuntuɓa a shafinta na intanet. Ka rubuta musu gajeren bayani da lambar UCI, ka liƙa rahoton 'yan sanda. Ba lallai amsa ta zo kafin ka tashi ba, amma ka ajiye shaidar ka aika.

Idan fasfo yana hannunka

Sa duk abin da ka tara a fayil guda, a jakar hannu, ba a cikin akwatin da za a auna ba. Buga su a takarda, kada ka dogara da waya, don caji yana ƙarewa daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ka je filin jirgi da wuri sosai. Ma'aikatan da ke duba takardu kafin a ba da katin shiga jirgi sukan tambayi ɗalibi ko ma'aikaci famit ɗinsa. Ka nuna biza, ka nuna hoton famit, da rahoton 'yan sanda, da wasiƙar makaranta, cikin natsuwa. In na farko ya yi gardama, ka nemi ganin na sama da shi. Wannan ja-in-jar tana iya cin awa guda, shi ya sa na ce da wuri. Da yake sai an ya da zango a Turai ko Istanbul ko Doha ko Addis Ababa, ana iya sake tambayarka a can, don haka kada fayil ɗin ya yi nisa.

Da ka sauka, kai za ka fara faɗa wa jami'in kan iyaka cewa famit ɗinka ta ɓace a Najeriya, kada ka bari sai ya tono da kansa. Ana iya tura ka ɗaki na biyu, inda ake zama a jira kira. Mutanenmu suna tsoron ɗakin nan kamar wanda aka kai kurkuku, alhali sau da yawa bincike ne a kwamfuta. Za a duba lambarka, a tambaye ka makarantarka da abin da kake karanta, ko inda kake aiki. Amsa abin da aka tambaye ka, ka tsaya nan. Shi jami'in ne ke da hukuncin ƙarshe a kan shigar kowa, mai famit a hannu da marar ita, don haka takardun da ka tara su ne lauyanka. Yaron namu ya zauna kusan awa biyu, aka yi masa tambayoyi 'yan kaɗan, aka ce ya wuce. Idan akwai wani jirgin da za ka hau zuwa wani gari a cikin Kanada, ka bar tazara mai yawa tsakaninsu saboda wannan zaman.

Idan fasfon ma ya tafi

Nan ne tsugune ba ta ƙare ba, domin abu biyu za ka nema, ɗaya bayan ɗaya, kuma na biyu ba ya farawa sai na farko ya fito.

Na farko sabon fasfo daga hukumar shige da fice ta Najeriya. Ana cike fom a shafin hukumar, a zaɓi cewa fasfo ne ya ɓace, ba sabuntawa ba, ba kuma neman farko ba. Za a nemi lambar NIN, da ekstirak, da takardar rantsuwa, da hoton shafin bayanan tsohon fasfon in kana da shi. A Legas akwai ofisoshin fasfo a Ikoyi da Alausa da Festac. Abin da ya fi riƙe mutane shi ne saɓani tsakanin bayanan NIN da na tsohon fasfo, suna ko ranar haihuwa. In akwai, sai an gyara kafin a ci gaba, don haka duba wannan tun daren farko. Tun Satumbar 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000. Ka biya ta shafin hukumar, ka riƙe rasit. In da hali ɗauki na shekara 10, saboda Kanada ba ta ba da biza ko famit da za ta wuce wa'adin fasfo. Wanda ya yi tsimin kuɗi a nan zai biya a gaba.

Za ka haɗu da masu cewa "kawo mu yi maka sabo kawai, kada ka ce ya ɓace, ya fi sauri." Kada ka saurare su. Zanen yatsunka yana cikin kwamfutar hukumar, kuma Kanada ta san lambar tsohon fasfonka.

Na biyu sabuwar biza. Ba a cire biza daga kwamfuta a manna maka a sabon fasfo haka kawai, sai ka nema ta intanet daga nan Najeriya, kuɗinta dalar Kanada 100. Ka liƙa hoton famit, da wasiƙar makaranta ko ta wurin aiki, da shaidar kuɗin da kake rayuwa da shi, da rahoton 'yan sanda, da wasiƙa gajeriya wadda kai ka rubuta: ni wane ne, famit ɗina tana aiki har rana kaza, na zo hutu rana kaza, fasfo mai lamba kaza ya ɓace rana kaza, ga sabo. Shafi ɗaya ya isa, ba a son dogon kuka. Zanen yatsu da hoton da ka bayar a baya suna aiki shekara 10, don haka in ba su cika ba, ba sai ka sake biyan dala 85 na ɗaukarsu ba. Idan an amince, za a aiko maka wasiƙar neman fasfo, kana da kwana 30 ka miƙa shi ta cibiyar VFS a liƙa bizar. Kada ka sayi sabon tikiti sai fasfon ya dawo hannunka.

Wannan jiran yana iya cinye farkon zango. Tun da wuri ka gaya wa makaranta, ka tambaye su ko za a ɗage maka zangon ko a ba ka hutu a rubuce. Dokar Kanada ta yarda da hutun da makaranta ta amince da shi har kwana 150. Ɓacewa daga makaranta ba tare da takarda ba ita ce take zama matsala daga baya, ranar da ka zo neman ƙarin wa'adi ko izinin aiki na bayan kammala karatu. Ka kuma sa ido a kan ranar ƙarewar famit ɗin. Idan ta cika kana Legas, maganar musanya wadda ta ɓace ta wuce, sai sabon nema daga tushe.

Maganar ejan

A irin wannan hali kowa yana da "mutuminsa". A masallaci za a ce maka akwai wani a Ikeja, a wurin 'yan canji za a ce akwai wani a Island mai fitar da ita cikin kwana uku. Duk wanda ya ce zai ba ka famit ɗin Kanada a Legas, jabu zai ba ka, tunda na gaya maka ba a buga ta a nan. Kuma hukuncin gabatar da takardar ƙarya ko bayanin ƙarya ga hukumar Kanada shi ne haramcin shiga ƙasar na shekara 5. Wato mutumin da izininsa yake lafiya lau a kwamfuta, ya je ya sayi takardar da za ta rushe shi: garin neman gira an rasa ido. In lallai sai ka biya wani ya taimaka maka da nema, dokarsu lauya ko mai ba da shawara mai lasisi kaɗai ta yarda ya karɓi kuɗi a kan haka, kuma ana duba sunan mai lasisin a intanet. Amma gaskiya wannan aikin, wanda ya iya cike fom ɗin rajistar jami'a zai iya shi da kansa.

Bayan ka shiga Kanada

Yanzu ne za a nemi sabuwar takardar. Fom ɗin sunansa IMM 5009, kuɗinsa dalar Kanada 30, ana biya ta intanet a haɗa rasit ɗin da fom. Za ka sa kwafin fasfo, da lambobin nan biyu da ka kwafe, da bayanin yadda ta ɓace, da lambar rahoton 'yan sanda. Ofishin da ke wannan aiki yana Ottawa, kuma ta gidan waya sabuwar take zuwa, don haka sa adireshin da kake da tabbacin za ka kasance a cikinsa, sunanka kuma yana jikin akwatin wasiƙa. Ɗalibai masu yawan canza ɗaki su kula da wannan.

Wadda za a aiko kwafin tsohuwar ce, da sharuɗɗanta da ranar ƙarewarta, ba a ƙara ko kwana ɗaya. Saboda haka in wa'adinka ya kusa cika, kuma da ma za ka nemi ƙari, duba ko neman ƙarin kai tsaye ya fi maka: dala 150 na karatu, 155 na aiki, kuma hukumar tana so a nema aƙalla kwana 30 kafin ta ƙare. In kuwa da sauran shekara guda ko fiye, nemi musanyar a makon da ka sauka, don sabon wurin aiki, da ofishin lambar SIN (lambar da ake buƙata kafin a yi aiki a Kanada), da inshorar lafiya ta lardi duk suna iya cewa sai sun ga takardar. Wanda ya canza fasfo ya kai sabon ga makaranta da banki su gyara bayanansu.

Masu karatu a Birtaniya nasu ya sha bamban tun da katin zama na roba ya daina aiki a ƙarshen 2024 aka koma biza ta intanet. Su babu takardar da za ta ɓace, abin da ke kansu shi ne in sun yi sabon fasfo su shigar da shi cikin asusunsu na hukumar shige da ficen Birtaniya kafin su nufi filin jirgi.

In an tsinto tsohuwar fa?

Ka ba da cigiya, ba laifi. A faɗa a masallacin Juma'a, a gaya wa shugabannin tashar da motar take lodi, a leƙa ofishin 'yan sanda bayan kwana biyu. Ɓarayin aljihu kuɗi da waya suke so, takardu sukan watsar da su a kwata ko gefen titi, wani lokaci mai shara ko ɗan acaba ya tsinta ya kawo. In famit ce aka tsinto kafin ka aika fom, ka huta, ka koma ka gaya wa 'yan sanda an same ta. Fasfo kuwa, da zarar ka kai rahoton ɓatansa ga hukumar shige da fice, ka ɗauka ya mutu ko da ya dawo fes da bizarsa a ciki. Ana soke shi, kuma ƙasashe suna raba bayanan fasfunan da suka ɓace ta hannun 'yan sandan duniya na Interpol. Wanda ya hau jirgi da shi ana iya tsare shi a zangon farko. Ka mayar wa hukumar da shi, ka yi tafiya da sabon.